Rigar Dawowar Ɗanbaba

A unguwar Barroquinha, can saman birnin Salvador na ƙasar Bahia a ƙetaren teku, kowa ya san ba a mugun zance a gaban kaskon Altine. Ka zo ka tsuguna ka sayi ƙosanka, ka yi hirar duniya son ranka, ba ruwanta. Amma ka kuskura ka ce kana jin yau ba za ka samu dako ba, ko kuwa ciwon bayan nan naka shi zai zama ajalinka, to ka jawo wa kanka. Nan take za ta ɗago matsami ta nuna ka da shi, man ja na ɗiga, ta ce maza ka tofar da yawu ka sake magana. A ganinta duk abin da mutum ya ambata da bakinsa kiransa ya yi, kuma abin zai amsa. Saboda haka ita alheri kaɗai take kira, ko ana ruwa ko ana rana.

Kada ka ɗauka surutun mai ƙosai ne kawai. Matar nan tana da shaidu, kuma ba ta gajiya da jero su. Ita da yayanta Ɗanbaba tare aka kamo su daga wani ƙauye na ƙasar Zazzau lokacin yaƙe-yaƙe, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har bakin teku, aka cusa su a jirgi ɗaya. Duk lokacin da aka fito da su shan iska, sai ta ƙwala masa kira daga ɓangaren mata ta ce su kam ba za a jefa su a ruwa ba. Ba a kuwa jefa su ba. Da aka sayar da ita gidan wata tsohuwar Baturiya, ta ce ita ba za ta mutu a bauta ba, sai ga tsohuwar ta 'yanta ta kafin ta cika. A shekarar 1835, da bayi Musulmi suka yi bore cikin azumi aka murƙushe su, sojoji suka shiga bi gida-gida suna neman farar riga da rubutun Larabci, wanda duk aka samu da ɗaya ya shiga uku. Kowa a lungunsu ya garƙame ƙofa. Altine ta wangale tata, ta hura wuta a bakin ƙofar ta hau suya. Sojojin suka tsaya suka ci ƙosai da yaji, suka kora da ruwa, suka wuce. Maƙwabciyarta Hauwa, wadda ta tokare ƙofa da turmi, ita aka ɓalle wa ƙyaure aka watso mata kaya waje.

To wa zai yi gardama da wannan? Tabbas cikin waɗanda aka jefa a tekun ma akwai masu kyakkyawan zato, sai dai ba wanda ya samu damar jin ta bakinsu. Mutanen unguwa ba su taɓa faɗa mata haka ba, domin gaskiya suna son zama kusa da ita. Ɗan dakon da ya wuni bai ɗauki ko tsinke ba, in ya zauna gefen kaskon nan na ɗan lokaci, yakan tashi da ƙarfinsa.

Abu ɗaya ne bakin Altine bai kawo ba tukuna, shi ne Ɗanbaba. Shi rabonsa ya faɗa Itapuã, wani sansani a bakin teku inda ake kamun ƙaton kifin nan da Hausawan wurin ke kira giwar teku. Aikinsa narka kitsen kifin a manyan tukwanen ƙarfe, ana ɗura man a ganguna a kai birni don fitilu. Ya shekara da shekaru yana shaƙar hayaƙin nan. 'Yan shekaru bayan boren sai tari ya kama shi, irin wanda ke zuwa da kayansa ya zauna.

Labarinsa yana zuwa ne ta bakin Kande, wata Bahaushiya baiwar sansanin da ake aikowa birni tallan busasshen kifi. Takan sauke kwandonta wurin Altine ta sha ruwa, a gaisa, a tambayi jikin Ɗanbaba, ta ce da sauƙi. Bahaushe dai ba ya cewa jiki ya yi tsanani. Ko mutum na kan gargara, ka tambayi mai jinyarsa, da sauƙi zai ce maka. A gida wannan ba ya cutar da kowa, domin ba mai tsayawa a kan maganar: kana ji za ka saɓa mayafi ka zaga bayan katanga ka je ka gani da idonka. Hausawan Bahia sun tsallako teku da gaisuwarsu cif, amma maƙwabtakar sun baro ta a can. Daga Barroquinha zuwa Itapuã tafiyar yini ce cikin yashi, kuma mai kasko in ta rufe kwana biyu sai ta tarar masu saye sun koma wurin Bayarabiyar da ke gefenta. Bayan haka ma Altine ba ta yarda da gaggawar dubiya ba. Cewa take in ka ɗauki ƙafa da ɓataccen rai ka nufi mara lafiya, hanya ka nuna wa mutuwa.

Wata rana Kande ta zo da labarin da ya sa Altine rangaɗa guɗa har 'yan dako suka waiwayo. Ubangidan sansanin ya ce da zarar lokacin kamun kifi ya ƙare bana, zai sallami Ɗanbaba, ya tafi inda ya ga dama. Altine ta raba ƙosai kyauta a ranar, tana tambayar kowa ko yanzu ya yarda. Kande ta sunkuyar da kai tana gyara gammonta. Duk wanda ke wurin ya san Bature ba ya sakin bawan da ke iya ɗaga ko da bokiti, sai wanda ya ga ciyar da shi ta zama asara. Ba wanda ya buɗe baki, don ba mai sha'awar matsami a hancinsa.

A zuwanta na gaba Kande ba ta ko taɓa ruwan da aka ba ta ba. Ta ja Altine gefe, ta ce Yaya Ɗanbaba yana gaishe ta, jiki da sauƙi, ya kuma ce ta aiko masa da farin saƙin nan da ya gani a ɗakinta zuwansa na ƙarshe. Ya ce a aiko shi yadda yake, kada almakashi ya taɓa shi.

Saƙin kuwa wani masaƙi Bakatsine ne da ke unguwar Itapagipe ya yi mata shi, fari tas, irin na gida, ta naɗe ta ɓoye a ƙasan akwati tun da farin tufafi ya zama abin tuhuma a garin. Ba sai an yi wa kowa fassarar abin da mara lafiya ke nufi da farin saƙin da ba a yanka ba. Likkafani yake nema. Yana da dalilinsa kuwa. A sansanin nan in bawa ya mutu, wandon da ke jikinsa na ubangida ne, tuɓewa ake yi a ba wani. Sai a ja gawar bayan tudun yashi, a tona ɗan rami a tura, ba wanka ba sutura, fuska ta kalli duk inda ta kalla. Ɗanbaba ya ga wannan da idonsa har ya gaji da gani, kuma shi ne abin da ke hana shi barci, ba tarin ba.

Altine ta gane sarai. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ji haushinsa kamar ta yi kuka. Mutumin da saura kaɗan ya fita, mutumin da ta yi shekara da shekaru tana kira da bakinta, yanzu shi ne zai zauna yana yafito mutuwa da hannu?

Ta ce, "Ki gaya masa na ji. Saƙi kuwa nasa ne, zai same shi. Amma a kafaɗarsa zai same shi, yana tsaye."

Washegari ta naɗe saƙin cikin tsohon zane ta nufi rumfar Malam Sulaimanu, wani dattijo 'yantacce mai ɗinki a bayan lungunsu, wanda a asirce shi ke wa Musulmin unguwar wanka da salla in sun rasu. Ta zube masa kaya ta ce babbar riga take so, ta dawowar yayanta, da aljihu da aikin wuya, a yi ta yadda in ya shigo Barroquinha kowa zai san ɗan mutane ne ya dawo.

Malam Sulaimanu ya shafa saƙin, ya jinjina kai. Labarin saƙon ya riga ya iso shi, domin Kande ta biyo ta rumfarsa tana share hawaye. Ya fara da zagaye-zagaye, ya ce ai farar riga a garin nan neman rigima ne. Ta ce a cikin ɗaki zai sa. Ya ce ko za ta ɗan dakata har a ga yadda jikin zai yi. Nan ta ɗaga masa hannu.

"Baba, ni ɗinki na kawo. In ba za ka yi ba, akwai Bayaraben da ke bakin kasuwa."

Dattijon ya dube ta ya ce zai yi, ta bar saƙin.

Ranar da ta je karɓa kuwa sai da aka ji su a lungu. Rigar daga nesa ba laifi, amma da ta juya cikinta sai ta ga ɗinkin wara-wara, allura tana tsallake kamar mai gudun kare, ko ƙulli ɗaya na kirki babu. Aljihun da aikin wuyan ma a wani ƙyalle dabam ya yi su ya ɗora a kai. Ta ce wannan ai ko buhun gawayi ya fi shi samun kulawa. Malam Sulaimanu ya ce ta yi haƙuri, ido ne ya tsufa. Ta naɗe rigarta ta fita tana mita, ta ce wanda ido ya gagara sai ya bar allura ya koma jan carbi. Daga nan ta wuce kasuwa ta sayo takalmi na fata. A ƙasar nan bawa ba ya sa takalmi, doka ce, ƙafa kawai za ka kalla ka san matsayin mutum. Ta daɗe tana gaya wa Ɗanbaba cewa sai ya taka ƙasar Bahia da takalmi.

Kande ta sake zuwa, wannan karon ta yi niyyar faɗin gaskiya ko me zai faru. Ta fara da cewa wani Audu, abokin aikin Ɗanbaba, ya rasu, kuma Ɗanbaba na kwance yana kallo ta ƙofa lokacin da aka tuɓe shi aka ja shi bayan tudu. Ba ta kai ƙarshe ba Altine ta ce Allah ya jiƙan Audu, amma Audu dabam yayanta dabam, kada a haɗa mata su a zance ɗaya. Ta ɗauko zuma da citta da tafarnuwa ta cusa mata a kwando. Kande ta koma da su. Da Ɗanbaba ya tambaye ta saƙi, ta rasa yadda za ta ce masa an yanka, sai ta ce Altine na nan tana shiri. Haka baiwar Allah ta zama tana ɗaukar magana mai daɗi ta kai nan, ta ɗauki wata ta kai can, ita kaɗai ke kwana da gaskiyar a cikinta.

Lokacin kamun kifi ya ƙare. Altine ta share ɗan ɗakin da ta tanadar masa, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta rataye rigar a bayan ƙyaure. Kullum da yamma takan ware ƙosai mai kyau ta rufe a akushi, in duhu ya yi ta ba Hauwa. Ba Ɗanbaba, ba Kande, domin da aiki ya tsaya an daina aiko ta birni. Hauwa ta soma yi mata irin kallon nan na tausayi, wanda Altine ta tsana fiye da zagi.

Ba ta kawo komai a ranta ba sai cewa ƙafa ce ta yi masa nauyi bayan doguwar jinya, ga kunya irin tasa, ba zai so ya shigo gari da tsumman sansani ba. To ai sai ta je ta taho da shi. Ta sanar da unguwa cewa gobe za ta rufe kasko, jibi su shirya tarbar baƙo. Da Malam Sulaimanu ya ji, ya ce shi ma zai bi ta, ya daɗe bai miƙe ƙafa ba. Ta ce tsoho da shi ina zai iya yashin Itapuã. Ya ce zai lallaɓa. Da sassafe ta same shi a bakin lungu da sanda da buta da wani ɗan ƙunshi a hammata, ta yi masa tsiya ta ce kamar mai tafiya Makka.

Rigar ta naɗe ta tam ta sa a ƙasan kwando, ta ɗora takalman, ta rufe da ganyen ayaba, ta jera ƙosai a sama. A bakin gari wani soja ya tare su yana tambayar abin da ke cikin kwandon. Altine ta sauke kwandon da kanta, tana dariya, ta cika wa sojan hannu biyu da ƙosai har ya rasa da wanne zai yi bincike, ya yi musu nuni da haɓa su wuce. Suna yin nisa ta juyo ta ce wa Malam ya dai gani da idonsa. Ya ce ya gani.

Suka bi bakin teku, yashi na cin ƙafa, itatuwan kwakwa a jere ba iyaka. Ita ke gaba tana ta tsara yadda za a yi: zai huta wata guda, sannan ta nema masa wurin zama a bakin kasuwa ya riƙa sayar da goro, in ya yi ƙiba a nema masa mata. Dattijon na biye yana cewa Allah ya sa. Tun kafin su hango sansanin warin tsohon kitse ya tarbe su, ga manyan ƙasusuwan kifi zube a yashi kamar azarar rusasshen gida.

Bayan la'asar suka isa. Kande ce ta fara ganinsu, ta saki tulun da ke hannunta ta tsaya kawai. Sai ta juya ta yi gaba suka bi ta, suka wuce dogon ɗakin bayi, suka wuce tukwanen da aka kife, har wata 'yar bukkar ganyen kwakwa a ƙarshen sansanin. A hanya ne ta gaya musu cewa ubangidan ya cika alkawari, ya sallame shi tun ranar da aka kashe wuta. Ma'anar sallamar ita ce an fitar da shi daga ɗakin bayi an kuma daina auna masa gari. Ita Kande ke raba nata da shi.

Altine ta sunkuya ta shiga da sallama. Sai da idonta ya saba da duhun bukkar sannan ta gane abin da ke kan tabarmar mutum ne. Yayanta, wanda a da yake ɗaga ganga shi kaɗai, ya koma kamar an shanya riga a kan itace. Idanun ne kawai nasa.

Ta durƙusa ta ce, "Yaya, sannu. Ya jikin?"

Ya ce, "Da sauƙi, Altine."

Bakinta ya kama aikinsa da kansa, don bai san wani aikin ba. Ta ce ai ga shi nan ma ya fi yadda take zato, iskar teku ce ba ta karɓe shi ba, yana shiga birni zai murmure. Ta kwashe ƙosan, ta yaye ganyen ayaba, ta zaro rigar ta warware ta a gabansa, fara sol, ga aljihu ga aikin wuya. Ta ce ya duba abin da zai shiga gari da shi.

Ɗanbaba ya daɗe yana kallon rigar. Ya miƙa hannu ya taɓa bakinta, ya gane saƙin. Sai hawaye suka gangaro masa ta gefen ido zuwa kunne, bai ko yi ƙoƙarin sharewa ba. Tun suna yara ba ta taɓa ganin kukansa ba, ko a jirgi.

Ya ce, "Kin yanka."

Ta buɗe baki za ta ce ya tofar da yawu, ya ɗaga yatsa ɗaya ya tsayar da ita. Ya ce ta matsa ta leƙa ta ƙofa. Ta leƙa. Tudun yashi ne fari, ba nisa, karnuka biyu na kwance a gindinsa, gefe guda kuma yashin a tone yake.

Ya yi magana a hankali, yana tsayawa tari yana ci gaba. "A jirgi bakinki na bi, kuma ya fisshe ni. Duk shekarun nan da kika ce zan fita, da shi na riƙa tashi da safe. Ban raina ba. Amma yau ki bar ni in faɗi tawa. Tafiya zan yi, Altine, kuma ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni in je gaban Ubangijina tsirara, kare ya tono ni."

Altine ta ji maganganu sun taru a bakinta, duk masu daɗi, duk irin waɗanda ta saba, ta rasa ko ɗaya da za ta iya dubansa ta faɗa. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da sojoji suka tsaya a kan kaskonta. Abu ɗaya tak ya roƙe ta tun da suka zo ƙasar nan, ita kuma ta kai shi an sa masa almakashi.

Ta jawo rigar kan cinyarta. Ba ta dubi kowa ba ta ce, "Baba, ara mini allura."

Malam Sulaimanu ya zaro allura daga hularsa ya miƙa mata. Ta fara da aljihun. Ta sa bakin allura ta ɗago zare ɗaya ta ja, sai ga shi ya biyo hannunta salun-alun tun daga sama har ƙasa, aljihun ya faɗo a cinyarta. Ta ja na wuya, ƙyallen aikin ya ɓallo gaba ɗayansa. Ta ja na gefe, shi ma haka. Kafin wani lokaci rigar ta koma shimfiɗaɗɗen saƙi, ba inda almakashi ya shiga sai 'yar tsagar wuya. Ta ɗago kai ta dubi dattijon. Ashe idonsa lafiya lau. Da gangan ya yi ɗinkin da za a iya warwarewa, ya sha zaginta ya yi shiru, ya kuma biyo ta da butarsa don ya san namiji ke wa namiji wanka.

Malam ya ce tsagar ba komai, ai likkafanin ma ana yi masa wuya.

Ɗanbaba ya ce shi dai a gwada ya gani. Altine ta miƙe, ta kama baki ɗaya Kande ta kama ɗaya, suka shimfiɗa saƙin a kansa yana raye yana kallo, tun daga ƙafa har ka. Ya rufe shi ruf, har da ragowar da za a naɗe. Da suka yaye masa fuska sai suka tarar yana murmushi. Ya ce da a shekarun baya ne da bai isa ba, rama ma ta yi ranarta. Ya sa Malam ya yi masa alkawarin rami mai zurfi, nesa da tudun, fuska ga alƙibla. Malam ya ce da hannunsa zai auna. Sai Ɗanbaba ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce a ba shi ƙosan nan ya ɗanɗana, tun ɗazu ƙamshinsa ke damunsa.

Ya ci rabin guda. Yana taunawa idonsa ya faɗa kan kwandon, ya tambayi abin da ya rage a ciki. Altine ta so ta ɓoye, kunya ta kama ta, amma ya riga ya gani. Ta fito da takalman. Ya ce to me take jira, ai shi ɗa ne yanzu ba bawa ba, ko ba a gaya mata ba? Ta durƙusa a ƙafafunsa, ta share musu yashi da bakin zanenta, ta sa masa ɗaya bayan ɗaya. Sun yi masa yawa. Ya ɗan motsa yatsunsa a ciki, ya ɗago kai da ƙyar yana kallonsu.

Ya ce, "Kin ce sai na sa takalmi a ƙasar nan. Ga shi kuwa. Bakinki bai faɗi ƙasa ba, ƙanwata."

Nan ne kukan ya ƙwace mata. Ta kifa goshinta a kan takalman ta yi shi sosai, ba wanda ya ce ta bari.

Ya rasu washegari da hantsi, Malam na laƙƙana masa kalmar shahada. Dattijon ya kwance ƙunshinsa, sabulu ne da turare, ya yi masa wanka a bayan bukkar. Waɗansu bayi Musulmi na sansanin suka saci jiki suka zo, suka tona rami a ƙarƙashin wata kwakwa har ya kai musu ƙirji. Aka sa shi cikin farin saƙinsa, aka juya fuskarsa gabas, wajen teku, ta inda jirgi ya kawo su. Suka jera ƙasusuwan kifi masu nauyi a kan kabarin saboda karnuka.

Da labari ya iso Barroquinha mutane suka rabu biyu. Hauwa ta ce wannan karon dai bakin Altine bai ci ba, saura ƙiris ma ya jawo a binne bawan Allah tsirara. Malam Sulaimanu ya ce shi bai sani ba, abin da ya sani shi ne ba mai iya ratsa sojan nan da farin saƙi in ba wadda ta tabbata biki za ta je ba. Altine ba ta sa baki a gardamar ba. Ta hura wutarta ta ci gaba da suya. Takalman tana ajiye da su a ɗakin da ta share, kan sabuwar tabarmar, ƙasansu fes ko ƙwayar yashi babu.